FASHIN BAƘI: Allurar korona ta hana kamuwa ne, ko mutuwa ta rage?

Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a Ƙofar Rini, ko a wata unguwa ta cikin birnin Sakkwato, aka ɗauko zancen korona, da wuya a watse bai ji hujjoji biyu ba. Ta farko: wane ya yi allura har sau biyu, amma ya kwanta da zazzaɓi da tari, aka gwada aka ce ita ce. Ta biyu: wane bai taɓa miƙa dantsensa ba, ga shi nan garau yana harkokinsa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa allurar ba ta tsinana komai ba, ciniki ne kawai tsakanin kamfanonin Turawa da 'yan kwangilar gwamnati.

Labaran biyu duk suna iya zama gaskiya, hukuncin ne bai biyo bayansu ba. Tambayar "shin allurar tana aiki?" tambayoyi biyu ne a cikin riga ɗaya. Shin tana hana ƙwayar cutar shiga jiki? Shin tana hana wanda ƙwayar ta riga ta shiga jikinsa kaiwa ga gadon asibiti ko kushewa? Amsar ta farko ita ce tana hanawa, amma na 'yan watanni, kuma ƙarfin ya zube da ƙwayar ta sauya kama. Amsar ta biyu ita ce tana hanawa ƙwarai, kuma kariyar ta fi daɗewa. Jami'an da suka tallata allurar da masu sukarta duk sun cakuɗa tambayoyin nan, kowa ta fuskar da ta yi masa daɗi.

Yadda ta iso, da lokacin da ta iso

An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A watan Afrilu ta bayyana a Sakkwato, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka riƙa killace masu ita a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Amanawa. Allura kuwa sai da aka shekara guda cur kafin ta sauka: ranar 2 ga Maris, 2021, jirgi ya kawo kimanin allurai miliyan 3.9 na Oxford/AstraZeneca, ƙirar kamfanin Serum na Indiya, ƙarƙashin shirin COVAX. Ranar 5 ga Maris aka yi wa Dakta Cyprian Ngong ta farko a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, washegari aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo a gaban kyamara.

Rabon ya bi ta hannun Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda Dakta Faisal Shuaib ke shugabanta a lokacin, zuwa hukumomin jihohi, zuwa ƙananan cibiyoyin unguwanni, ajin da cibiyar Ƙofar Rini take ciki, inda aka saba kai jarirai rigakafi da mata awon ciki. Ba a yi nisa ba kaya suka yanke, domin Indiya ta dakatar da fitar da allurai da annobar ta yi mata rubdugu. Sai a watan Agusta aka samu Moderna miliyan 4 daga Amurka da kashin farko na Johnson & Johnson ta hannun Tarayyar Afirka. A ƙarshen 2021, lokacin da ƙasashen Turai ke yi wa jama'arsu allura ta uku, 'yan Najeriya da suka kammala ta biyu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ranar 22 ga Disamba na shekarar aka lalata allurai 1,066,214 na AstraZeneca a wani juji a Abuja, waɗanda ƙasashe masu arziki suka bayar kyauta saura 'yan makonni wa'adinsu ya cika. A riƙe wannan jinkiri a zuciya, domin za a dawo kansa.

Me ake nufi da "kashi 95 cikin 100"?

Wannan adadi shi ne ya fi kowane yawo, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka ma'anarsa ita ce cikin mutum ɗari da aka yi wa allura, biyar za su kamu. Ba haka ba ne. Adadin kwatance ne tsakanin rukuni biyu.

A gwajin Pfizer da BioNTech na 2020 an ɗauki mutum sama da 43,000, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. Aka jira har mutum 170 suka kamu suka nuna alamu. Da aka buɗe takardu, 162 daga masu ruwan gishiri suke, takwas kacal daga masu allurar gaske. Takwas kusan kashi 5 cikin 100 ne na 162, wato allurar ta zaftare kashi 95 na haɗarin. A gwajin Moderna mai mutum kimanin 30,000, an samu 185 a gefe guda da 11 a ɗaya gefen, kashi 94 ke nan, kuma dukkan mutum 30 da cutar ta yi wa tsanani suna cikin waɗanda ba su samu allurar gaske ba. AstraZeneca, wadda ita ce aka fara yi a Najeriya, ta nuna kimanin kashi 70. Johnson & Johnson mai zuwa sau ɗaya ta nuna kashi 66 a kan matsakaiciyar cuta zuwa mai tsanani, da kashi 85 a kan mai tsanani zalla.

Alƙaluman nan sahihai ne, amma suna da iyaka uku da ba a cika faɗa a rediyo ba. An auna su ne cikin kimanin watanni biyu bayan allura, lokacin da garkuwar jiki ke kan ganiyarta. Galibinsu an auna su a kan nau'in ƙwayar na farko, kafin ta fara rikiɗa. Sannan abin da aka ƙirga shi ne masu nuna alamun ciwo. Gwaje-gwajen ba a tsara su don gano ko mai allura zai iya ɗaukar ƙwayar a ɓoye ya shafa wa wani ba.

Masu tsaron ƙofa da mayaƙan cikin gari

Sunan unguwar Ƙofar Rini ya samo asali ne daga ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Sakkwato ta dā, 'yar'uwar Ƙofar Kade da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da sauransu. Tsarin tsohon birni ya isa misali. Gari mai ganuwa yana da masu tsaron ƙofa da ke tare baƙo tun bai shiga ba, yana kuma da mayaƙan cikin gari da ake tasa idan maƙiyi ya kutsa.

Dukkan alluran da aka yi amfani da su a Najeriya aiki ɗaya suke yi: suna nuna wa jiki siffar wata ƙaya da ke bayan ƙwayar korona, wadda da ita take maƙalewa a jikin ɗan'adam. Pfizer da Moderna suna aika saƙon ta wani sinadari mai suna mRNA da ke narkewa cikin 'yan kwanaki. AstraZeneca da Johnson & Johnson suna ɗora saƙon a kan wata ƙwayar mura da aka karya lagonta ta yadda ba ta iya hayayyafa. Babu ƙwayar korona mai rai a cikin ko ɗaya daga cikinsu.

Da jiki ya ga ƙayar, sai ya samar da sinadaran kariya da likitoci ke kira antibodi. Su ne masu tsaron ƙofa. Suna da yawa a makonnin farko, sannan su yi ta raguwa wata bayan wata. Kuma kama suke ganewa, idan baƙo ya sauya riga sai ya wuce ta gabansu. Ga wata matsalar: allurar dantse ta fi tara su a cikin jini, alhali korona ta hanci da maƙogwaro take shiga, inda ba su da yawa.

Mayaƙan cikin gari su ne ƙwayoyin garkuwa masu riƙe tarihi, musamman waɗanda ake kira ƙwayoyin T da B. Suna ɗaukar kwanaki kafin su yi shiri, don haka ba sa hana kamuwa. Amma sun fi daɗewa, kuma ƙwayoyin T suna gane maƙiyi ta sassa da yawa na jikin ƙayar, ba ta waje ɗaya ba, sauya riga bai cika ruɗa su ba. Korona kuwa galibi a mako na biyu take sauka cikin huhu ta sarƙe numfashi. Wannan tazara ta 'yan kwanaki ita ce ke ba su damar isa kafin ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa mutum zai yi allura, ya kamu, ya yi kwana uku yana tari, ya miƙe. A idonsa allurar ta gaza. Abin da bai gani ba shi ne tukunyar iskar oksijin da bai buƙata ba.

Wani zai ce ai allurar ƙyanda sau biyu ake yi, ta ba da kariyar kashi 97 har tsawon rai. Haka ne. Ƙwayar ƙyanda ba ta sauya kama ta yadda za ta kuɓuce wa garkuwa, kuma tana kwana goma ko fiye a jiki kafin ta bayyana, lokacin da ya ishi jiki ya tashi tsaye. Korona a nau'inta na baya-baya kwana uku ya ishe ta. Ba kowace cuta ce allura ke iya rufe wa ƙofa ruf ba, kuma da an faɗi haka tun farko da an huta da dogon musu.

Abin da ya faru da ƙwayar ta rikiɗa

Gargaɗin farko daga Afirka ta Kudu ya fito. A Fabrairun 2021 wani gwaji a can ya nuna AstraZeneca ba ta wuce kimanin kashi 10 ba wajen hana ƙaramin ciwo da matsakaici daga nau'in Beta, ƙasar ta dakatar da ita ta koma Johnson & Johnson. Ta yi wa ma'aikatan lafiya kusan rabin miliyan allura a wani shiri mai suna Sisonke, aka bi diddiginsu a zamanin Beta da Delta. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga: allura ɗaya ta rage kwanciya asibiti da kashi 67, shiga sashen kulawa ta musamman da kashi 75, mutuwa da kashi 83. A lura da yadda adadin ke hawa gwargwadon tsananin abin da ake aunawa. Wannan tsani shi ne ya riƙa maimaita kansa a kusan kowace ƙasa.

A Ingila a zamanin Delta, nau'in da aka tabbatar da shi a Najeriya a Yulin 2021, allura biyu ta Pfizer ta hana ciwo mai alamu da kashi 88, ta AstraZeneca da kashi 67. Wanda ya tsaya a allura ɗaya kariyarsa kusan kashi 30 ce kawai. Amma wajen hana kwanciya asibiti tazarar da ke tsakanin biyun ta kusan ɓacewa: 96 da 92. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin an yi ta raɗe-raɗin cewa an kawo wa Afirka allurar talakawa an ajiye mai kyau. A kan abin da ya fi muhimmanci, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Sai Omicron, wadda masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano a Nuwamban 2021, mai sauye-sauye sama da 30 a jikin ƙayar. A nan masu tsaron ƙofa suka kusan makancewa. Binciken hukumar lafiyar Ingila ya nuna wanda ya yi AstraZeneca biyu ba shi da wata kariyar a zo a gani daga kamuwa bayan makonni 20. Ta Pfizer ta fara da kimanin kashi 65 a makonnin farko, ta gangaro ƙasa da kashi 10 bayan makonni 25. Allura ta uku ta mayar da ita kusan 67, ita ma ta sauko zuwa kusan 46 bayan makonni goma. A Afirka ta Kudu kamfanin inshorar lafiya na Discovery ya duba bayanan abokan hulɗarsa, ya ga kariyar Pfizer daga kamuwa ta faɗo daga kashi 80 zuwa 33, amma kariya daga kwanciya asibiti daga 93 ta sauko ta tsaya a 70.

Ko ba tare da sabon nau'i ba, lokaci kaɗai yana cin nasa. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, wanda Lancet ta buga a farkon 2022, ya ƙiyasta cewa daga wata na farko zuwa na shida kariya daga kamuwa tana raguwa da kimanin maki 21, kariya daga ciwo mai tsanani kuma da kimanin maki 10.

Darasi mafi muni a Hong Kong aka gan shi. Yankin ya kusan shekara biyu yana tare cutar da rufe iyaka, amma tsofaffinsa da yawa ba su yi allura ba. Da Omicron, wadda ake cewa mai sauƙi ce, ta ɓalle a farkon 2022, mutum kusan 6,000 suka mutu cikin makonni goma sha ɗaya, kashi 96 cikinsu 'yan shekara 60 zuwa sama. A cikin wannan rukuni, haɗarin mutuwar wanda bai yi allura ba ya ninka na wanda ya kammala kusan sau 20.

"To me ya sa ake ganin masu allura a gadon asibiti?"

Lissafi ne, kuma kowa zai iya yinsa a bayan takarda. A ƙaddara, don misali kawai, akwai dattawa 1,000 a unguwa. An yi wa 900 allura, 100 ba su yi ba. A ƙaddara idan cutar ta ratsa, goma cikin kowane ɗari na marasa allura sai an kwantar da su, allurar kuma tana rage haɗarin da kashi 90. Daga marasa allura za a kwantar da 10. Daga masu allura, ɗaya cikin kowane ɗari, wato 9. Wanda ya leƙa ɗakin zai ga majinyata 19, kusan rabinsu masu katin allura, ya fito yana cewa aikin banza ne. Alhali da babu allurar, mutum 100 ne za su nemi gado. Duk lokacin da aka kawo wa mai karatu adadin masu allura da suka kwanta, abin tambaya shi ne: daga cikin mutum nawa?

Amma ai ba ta kashe mu ba

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a Arewa, kuma ba ta raini ba ce. Alƙaluman Hukumar NCDC sun tsaya a kan kimanin mutum 267,000 da suka kamu a faɗin ƙasar, da 3,155 da suka mutu. A Jihar Sakkwato waɗanda aka tabbatar ba su kai dubu ɗaya ba, waɗanda aka rubuta sun mutu ba su kai talatin ba. Idan aka ɗora wannan a sikeli ɗaya da zazzaɓin cizon sauro ko mutuwar mata wurin haihuwa ko hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar, ba abin mamaki ba ne mutumin Sabon Birni ya ga kamar ana yi masa ba'a.

Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko gaskiya ne cewa cutar ta fi sauƙi a nan, kuma babban dalili shekaru ne. Rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, masu 65 zuwa sama kusan kashi 3 ne kawai. Korona kuwa cutar tsofaffi ce da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda: haɗarin mutuwar wanda ya haura 85 ya ninka na ɗan shekara ashirin da wani abu sau ɗaruruwa. Na biyu, alƙaluman ba su ƙirga abin da ya faru ba. Binciken jini da NCDC ta gudanar a Oktoban 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Legas da Enugu da Nasarawa sun riga sun kamu, ɗaya cikin goma a Gombe. A Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na 'yan Afirka sun kamu, ninki 97 na abin da aka rubuta. Mutuwa kuma a ƙasar nan kusan ɗaya cikin goma ake yi wa rajista, kuma a al'adarmu wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwanci, babu gwaji.

Kano ta ɗanɗana. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara tona cewa aiki ya yi musu yawa, dattawa da malamai da manyan ma'aikata suna ta tafiya. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce tawagar gwamnatin tarayya ta ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya zama sanadin korona, galibinsu masu sama da shekara 65 da ke da wani ciwon. A watan Afrilun nan dai cutar ta kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Duk wannan ya faru ne kusan shekara guda kafin allura ko ɗaya ta taka ƙasar nan.

A nan jinkirin da aka ambata ya shigo. Kafin allura ta wadata a 2022, yawancin jama'a sun riga sun haɗu da ƙwayar, masu rauni da yawa sun riga sun tafi. Wani bincike a kan ma'aikatan lafiya a Najeriya da jama'ar gari a Ghana, da mujallar Nature Communications ta buga a 2022, ya gano kusan rabin 'yan Najeriyar da ke cikinsa suna ɗauke da alamar tsohon kamuwa tun kafin a yi musu AstraZeneca, kuma garkuwarsu bayan allura ta fi ta waɗanda ba su taɓa kamuwa ba. Wani babban nazari na 2023 ya sa wa abin adadi: bayan shekara guda, kamuwa kaɗai na ba da kariyar kimanin kashi 75 daga ciwo mai tsanani, kamuwa haɗe da allura kuma kimanin 97. Daga sake kamuwa kuwa, 25 ne da 42. Tsanin nan dai bai sauya ba.

Masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun ƙiyasta cewa alluran sun ceci rayuka tsakanin miliyan 14.4 da miliyan 19.8 a shekararsu ta farko. Ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙirgen kai ba, kuma mafi yawan ribar ta tafi ƙasashen da suka fara samu. A ganin wannan marubuci, idan matashi yana neman abin da zai yi fushi a kai, ba ingancin allurar ba ne, lokacin isowarta ne.

Illoli, da tsohon tabo

Babu maganin da ba shi da illa. Ciwon dantse da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ruwan dare ne. Akwai kuma biyu masu nauyi da aka tabbatar. AstraZeneca, da Johnson & Johnson a mataki mafi ƙaranci, suna iya haddasa wani irin daskarewar jini haɗe da ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini. A Birtaniya an ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin 50,000 ga masu ƙasa da shekara 50, wasu sun mutu, kuma tun a 2021 ƙasar ta ba da shawarar a ba 'yan ƙasa da 40 wata allurar daban. Da labari ya bazu a 2024 cewa kamfanin ya amsa wannan a gaban kotu kuma ya janye allurar daga kasuwa, sai aka ɗauka asiri ne ya tonu, alhali illar tana rubuce a takardar gargaɗi shekaru uku kafin nan. Dalilin janyewar da kamfanin ya bayar shi ne sababbin allurai sun cika kasuwa. Pfizer da Moderna kuma suna iya kawo kumburin tsokar zuciya, mafi yawa ga samari bayan allura ta biyu, 'yan gommai cikin kowace miliyan ɗaya, kuma galibinsu suna warwarewa cikin kwanaki. Zancen hana haihuwa an bincika shi a ƙasashe da yawa, a maza da mata, ba a samu hujja ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996 kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin yana hana haihuwa, ba a dawo ba sai a Yulin 2004 da aka kawo na Indonesiya, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Sai da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa daga 2009 aka farfaɗo da amana a hankali, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na asali ranar 25 ga Agusta, 2020. A kan wannan tabo korona ta sauka. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge. A Janairun 2021 Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya fito fili ya ce ana son kashe mutane ne da allurar, ya kafa hujja da abin da ya faru a Kano.

Gwamnatin tarayya ta amsa da tilas. Daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko takardar gwaji. A ranar ce kuma NCDC ta sanar da samun Omicron a Najeriya. Wato dokar da babbar hujjarta ita ce kada mutum ya shafa wa abokin aikinsa ta fara aiki ne a ranar da nau'in da ya fi raunana wannan hujja ya bayyana. Allurar ta ɗan rage yaɗuwa a zamanin nau'o'in farko, amma ko a lokacin Delta tasirin yana dusashewa cikin kimanin watanni uku. Rahotannin sayar da kati ba tare da allura ba suka biyo baya. Wasu kuma aikin Hajji ne ya kai su layi, domin a 2022 Saudiyya ta gindaya sharaɗin allura da ƙasa da shekara 65 ga kujeru 43,008 da ta ba Najeriya. Mutum ya yi allura don kati ba don ya gamsu ba, ya zo ya kamu, to shi ne mai ba da labari a majalisa.

Kuma rashin gamsuwar ba a kan korona kaɗai yake tsayawa ba. Binciken rigakafi na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Jihar Sakkwato ne suka samu zagaye na uku na allurar nan mai haɗa cututtuka biyar, mafi ƙaranci a ƙasar. Uwar da aka gaya wa cewa allurar korona za ta hana kamuwa, ta ga ba haka ba, ita ce dai ake roƙo ta kai jaririnta allurar ƙyanda a cibiya ɗaya, a hannun ma'aikaciya ɗaya, duk da cewa ta ƙyanda tana rufe ƙofa da gaske.

Wa ke buƙatarta yanzu?

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin korona na annobar gaggawa ta duniya. Ƙwayar ba ta tafi ba, jikokin Omicron ne ke ci gaba da zagayawa, kamfanoni kuma suna sabunta alluran su dace da su. Tun a watan Maris na shekarar kwamitin ƙwararrun hukumar ya sake tsara shawararsa bisa abin da alƙaluma suka nuna. A sahun gaba ya sa tsofaffi, da masu ciwon suga ko na zuciya ko ƙiba mai yawa, da masu raunin garkuwar jiki kamar masu ɗauke da ƙanjamau ko waɗanda aka yi wa dashen wani sashen jiki, da mata masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya da ke hulɗa da majinyata. Su ne ake so su riƙa sabunta allurar bayan watanni shida zuwa goma sha biyu, gwargwadon shekaru da halin lafiya. Lafiyayyen matashi da ya riga ya yi, hukumar ba ta ba da shawarar ya riƙa maimaitawa a kai a kai ba, yara lafiyayyu kuma suna sahun ƙarshe. A gida guda a Ƙofar Rini, ɗan shekara 25 da ke karanta wannan a wayarsa yana sahun tsakiya, kakarsa mai ciwon suga da matar wansa mai ciki suna sahun farko.